Charles Ingalls da Iyalinsa: Rayuwar Mai Neman Gona a Yammacin Amurka

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. ba da labarin ƙaurace-ƙauracen iyalin Ingalls bi da bi;
2. bayyana sharuɗɗan dokar rabon filaye ta 1862;
3. faɗin su wane ne masu ƙasar tun asali, da abin da ya same su;
4. fara rubuta tarihin gidansu da kansa.

Shimfiɗa

A farkon ƙarni na 19, yawancin mutanen Amurka suna zaune ne a gabashin ƙasar, kusa da Tekun Atlantika. A shekarar 1803 gwamnati ta sayi wani makeken yanki a hannun Faransa a kan dala miliyan 15, wanda ya tashi daga Kogin Mississippi ya nufi yamma. Tun daga nan mutane suka yi ta kwarara can, kowa da burin ya sami gonar kansa. Wasu sun samu sun yi arziki. Wasu da yawa sun sha wahala iya wahala, suka ƙare ba su tara komai ba.

Za mu bi sawun mutum ɗaya daga cikinsu, Charles Ingalls. Bai taɓa riƙe babban muƙami ba, bai kuma bar dukiya ba. Mun zaɓe shi ne domin rayuwarsa ta nuna mana abin da ake nufi idan an ce an ba talaka fili kyauta: abin da filin ke ci, wanda aka ƙwace shi a hannunsa, da kuma abin da ke riƙe gida idan gona ta ƙi.

Asalin gidan

Kakan kakannin wannan zuriya, Edmund Ingalls, ya taso ne daga yankin Lincolnshire na Ingila, ya zauna a garin Lynn da ke Massachusetts wajejen 1629. Zuriyarsa ta yi ta matsawa cikin ƙasa sannu a hankali. Bayan sama da shekara 200, ranar 10 ga Janairu, 1836, aka haifi Charles a yankin Cuba da ke jihar New York. Sunan mahaifinsa Lansford, mahaifiyarsa kuma Laura Colby. 'Ya'ya da yawa ne a gidan, abin hannu kuwa kaɗan. Tun Charles yana yaro iyayensa suka kwashe su zuwa Illinois, daga can suka wuce Wisconsin. Ya tashi ya iya noma, farauta, sassaƙa da kafinta, ya kuma iya kaɗa goge irin na Turawa, wanda bai rabu da shi ba har mutuwarsa.

A Wisconsin suka yi maƙwabtaka da gidan Quiner. Maigidan, Henry Quiner, ya rasu ne a haɗarin jirgin ruwa a Tafkin Michigan, ya bar matarsa Charlotte da ƙananan yara. Ɗaya daga cikin yaran ita ce Caroline, wadda aka haifa ranar 12 ga Disamba, 1839. Ta san maraici da yunwa tun tana ƙarama, amma ta yi karatu, har ta koyar a makaranta tana budurwa. Ku riƙe wannan, domin karatun nata zai yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya.

Charles ya auri Caroline ranar 1 ga Fabrairu, 1860. Auratayya uku aka ƙulla tsakanin gidajen biyu: ɗan'uwan Caroline mai suna Henry ya auri Polly, 'yar'uwar Charles, shi kuma Peter, ɗan'uwan Charles, ya auri Eliza, 'yar'uwar Caroline. A wurin da babu asibiti kusa, babu mai ba da rance, irin wannan zumunci shi ne jari. Dangi ne ke taya ka sare daji, su taya ka girbi, su karɓi haihuwar matarka.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, ya kai har 1865. Charles bai je fagen daga ba, amma Joseph, yayan Caroline, ya mutu a 1862 sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Shiloh. A 1863 Charles da surukinsa Henry suka haɗa kuɗi suka sayi fili eka 80 a cikin kurmi kusa da garin Pepin. Nan aka haifi Mary a 1865, aka kuma haifi Laura ranar 7 ga Fabrairu, 1867.

Dokar rabon filaye

Ranar 20 ga Mayu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka da ta buɗe ƙofar yamma ga talakawa. Ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1863. Ga sharuɗɗanta a taƙaice. Duk wanda ya kai shekara 21, ko yake riƙe da iyali, ɗan ƙasa ne ko baƙon da ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, yana iya neman fili eka 160, wato kusan hekta 65. Mace marar miji da bazawara ma suna da wannan dama. Mai nema zai biya kuɗin rajista da bai wuce dala 18 ba gaba ɗaya, ya gina ɗaki a filin, ya noma shi, ya zauna a kai shekara 5. Bayan haka sai ya kawo shaidu biyu, a ba shi takardar mallaka.

A baki abin da sauƙi. Amma fili kaɗai ba ya zama gona. Ana bukatar dawakai ko shanun huɗa, garma, iri, katako, rijiya, da abincin da iyali za su ci kafin amfanin farko ya nuna. Duk waɗannan da kuɗi ake samunsu, ko da bashi. Shi ya sa mutane da yawa suka yi rajista, amma suka bar filin kafin shekara biyar ta cika. Duk da haka, kimanin mutum miliyan 1.6 ne suka kai ga karɓar takarda a tsawon rayuwar dokar, filin da aka raba kuma ya kai kimanin eka miliyan 270.

Ƙasar Osage

A 1868 Charles ya sayar da gonar Pepin, bisa yarjejeniyar mai saye zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ya loda iyalinsa a keken doki mai rumfar tamfol, suka yi kudu. Sun ɗan zauna a Missouri, sannan a 1869 suka shiga Kansas, suka sauka kusa da sabon garin Independence. Ya sare itatuwa a bakin rafi, ya jera gungumen ya yi ɗaki guda, ya haƙa rijiya da hannu. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da gidan gaba ɗaya, wani likita baƙar fata mai suna George Tann ne ya yi musu magani. A wannan ɗaki aka haifi 'yarsu ta uku, Carrie, ranar 3 ga Agusta, 1870.

Sai dai wurin da ya kafa ɗakinsa ba na gwamnati ba ne, balle a ba shi. Ƙasar mutanen Osage ce, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a nahiyar, kuma akwai yarjejeniyar da ta tabbatar musu da ita. Charles da ɗimbin baƙi irinsa sun shiga ne ba da izini ba, suna sa ran gwamnati za ta kori masu wurin. Mutanen Osage sukan tafi farautar ɓauna su yi watanni, su dawo su tarar an sare musu itace, an kafa ɗakuna a gonakinsu. Idan suka shiga gidajen baƙin suka ɗauki abinci, baƙin sukan kira abin sata, alhali su ne ke zaune a ƙasar mutane ba ko sisin haya.

Abin da baƙin suka yi tsammani shi ya faru. A 1870 majalisar dokokin Amurka ta zartar da a sayar da ƙasar Osage a kan dala 1.25 kowace eka, mutanen kuma aka matsa musu suka koma kudu, yankin da yanzu ake kira Oklahoma. Amma Charles bai ci moriyar wannan ba. Mutumin da ya sayi gonarsa ta Pepin ya kasa biya, ga shi filin Kansas sai da kuɗi. A 1871 suka bar ɗaki da rijiya da duk gumin da suka zuba, suka koma Wisconsin.

Dole mu faɗi gaskiya biyu tare. Charles talaka ne mai neman abin da zai ciyar da 'ya'yansa. Kuma neman nasa ya hau kan asarar wasu, waɗanda aka raba da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Wanda ya ba da rabin labarin ya bar rabi bai yi adalci ba.

Shekarun fara

A 1874 suka sake ɗaura kaya, wannan karon zuwa Walnut Grove a jihar Minnesota. Nan ma ƙasar mutanen Dakota ce a da. An kore su daga jihar bayan yaƙin 1862, wanda yunwa da rashin cika alkawarin gwamnati suka haddasa, aka kuma rataye mazajensu 38 rana ɗaya a garin Mankato.

Yankin fili ne fetal, ciyawa iya ganinka, itace sai a bakin ruwa. Gidansu na farko ɗaki ne da aka haƙa a jikin gaɓar wani rafi mai suna Plum. Bango uku ƙasar gaɓar ce, na gaba kuma an jera shi da ƙasa mai saiwar ciyawa, wadda ake yankawa kamar tubali. Ciyawa na tsirowa a kan rufin. Charles ya shuka alkama, ta yi kyau, har ya karɓi katako bashi ya gina gida na sosai, da niyyar ya biya idan an yi girbi.

Kafin a yi girbin, fara ta sauka. Daga 1873 zuwa 1877 wannan annoba ta addabi yammacin Minnesota da maƙwabtanta shekara bayan shekara. Takan zo ne a dunƙule har ta dusashe hasken rana, ta sauka ta cinye alkama, masara, kayan lambu da ganyen bishiya, sannan ta zuba ƙwai a cikin ƙasa, wanda zai ƙyanƙyashe baɗi ya cinye sabuwar shuka. Manoma sun gwada hayaƙi, sun gwada jan faranti mai kwalta a gona don ta manne, duk a banza. Manomin ƙasar Hausa da ya taɓa ganin shekarar fara ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ga bashin katako, ga rumbu wayam. Sai Charles ya yi abin da mai cin rani ke yi: ya bar iyali a gida, ya taka da ƙafa zuwa gabashin jihar inda farar ba ta kai ba, ya yi ƙwadagon girbi a gonakin wasu, yana aiko da abin da ya samu. Caroline ce ta riƙe gida da dabbobi da yara. A ƙarshen 1875 har sai da ya sa hannu a takardar hukuma cewa ba shi da komai, kafin a ba shi tallafin garin alkama. A cikin wannan hali aka haifi ɗansu namiji tilo, Charles Frederick, ranar 1 ga Nuwamba, 1875. Yaron ya rasu ranar 27 ga Agusta, 1876, bai cika wata goma ba, suna kan hanyar barin jihar.

Suka koma Burr Oak a jihar Iowa, suna taya wasu abokai kula da masaukin baƙi. Caroline na girki, Mary da Laura na wanke-wanke da kai abinci. Nan aka haifi autarsu Grace ranar 23 ga Mayu, 1877. Sana'ar ba ta karɓe su ba. Laura ta rubuta daga baya cewa da dare suka bar garin, saboda bashin hayar da suka kasa biya. Suka koma Walnut Grove, Charles na kafinta da duk aikin da ya samu. A 1879 Mary ta yi ciwo mai tsanani, ta tashi ta makance tana da shekara 14.

Dakota da hunturun 1880

A 1879 ɗin kamfanin jiragen ƙasa na Chicago and North Western yana shimfiɗa layin dogo zuwa yankin Dakota. Ta hanyar dangi Charles ya sami aikin akawu a sansanin ma'aikata, yana rubuta ranakun aiki da lissafin albashi. Da aikin ya tsaya saboda sanyi, iyalin suka yi hunturu a gidan masu safiyo kusa da wani ƙaramin tafki, suka zama cikin mutanen farko na garin De Smet. A Fabrairun 1880 Charles ya yi rajistar fili ƙarƙashin dokar 1862, a kudu maso gabashin garin. Ya kafa ɗan ɗaki, ya dasa bishiyoyi don tare iska.

Hunturun da ya biyo baya yana cikin mafi tsanani da aka taɓa gani a yankin. Guguwar dusar ƙanƙara ta fara tun Oktoban 1880. Dusar ta binne layin dogo, jirgi ya daina zuwa tsawon watanni, sai da bazarar 1881 ta shigo sosai ya dawo. De Smet sabon gari ne, komai nasa jirgi ke kawowa: gawayi, gari, kananzir, sukari. Kantuna suka ƙare kaf.

Ga yadda gidan Ingalls suka rayu a cikin gari. Babu itace, babu gawayi, sai ingirici. Mutum zai ɗebo dogon ingirici, ya murɗa shi da ƙarfi har ya nannaɗe kansa ya yi tauri, ya cusa bakin a ciki don kada ya warware, a jefa a murhu. Yana ci da wuri, saboda haka murɗawar ba ta tsayawa daga safe har dare, hannu ya tsage ya yi jini. Babu gari, sai ƙwayar alkamar da aka ajiye don iri. Ita suke zubawa a ɗan injin niƙan gahawa na hannu, wanda ba ya ɗaukar fiye da tafi guda a lokaci ɗaya. Ana juya shi bi da bi, har Mary da ba ta gani tana karɓar nata rabon aikin, kafin a tara abin da zai isa burodin yini. Kowa a gidan ya fita da ransa, domin babu hannun da ya zauna banza.

Abin da gona ta bayar

A 1886 Charles ya cika sharuɗɗan mallakar filinsa. Wannan shi ne burin da ya bi tun yana saurayi. Amma fari da ƙanƙara da faɗuwar farashin alkama ba su bar gonar ta riƙe iyalin ba. A 1887 ya gina gida a cikin garin De Smet, suka tare, daga baya ya sayar da gonar. Sauran rayuwarsa da kafinta da ƙananan ayyukan hukumar gari ya ci abinci. Ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1902, yana da shekara 66. Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu, kuma ba za a ce Charles bai nema ba.

Laura ta ba da labarin cewa mahaifinta ya so ya ƙara gaba zuwa yamma, Caroline ta ƙi, ta ce yara za su zauna inda akwai makaranta. Wannan tsayuwar tata ita ce ta yi 'ya'ya. Mary ta shiga makarantar makafi ta Vinton a Iowa a 1881, ta gama a 1889. Laura ta yi ɗinki a gari, ta kuma zama malamar makaranta tun ba ta kai shekara 18 ba, tana kawo albashinta gida. Carrie ta yi aikin ɗab'i a gidan jarida. Grace ma ta koyar. Caroline ta rasu a 1924.

Yadda labarin ya iso gare mu

Laura ta auri Almanzo Wilder ranar 25 ga Agusta, 1885. Suka haifi Rose a 1886. Su ma sun ɗanɗana tasu: ciwo ya raunana ƙafafun Almanzo, jaririnsu namiji ya rasu a 1889, gidansu ya ƙone a shekarar. A 1894 suka koma Mansfield a Missouri, inda suka zauna har ƙarshen rayuwarsu. A 1932, tana da shekara 65, Laura ta fitar da littafinta na farko mai suna Little House in the Big Woods, da taimakon Rose wadda ƙwararriyar marubuciya ce. Littattafai takwas ta fitar zuwa 1943. Ta rasu a 1957, Rose kuma a 1968, kuma da ita zuriyar Charles ta yanke.

Littattafan don yara aka rubuta su, saboda haka Laura ta tace. Ba ta ambaci ƙaninta da ya rasu ba, ba ta kawo zaman Burr Oak ba. Yadda ta siffanta 'yan asalin ƙasar da baƙar fata ma ya jawo suka, har a 2018 ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu na yara a Amurka ta cire sunanta daga wata lambar yabo. Masana sun cike giɓin ne da takardu: rajistar ƙidayar jama'a ta 1870 da ta nuna Charles a Kansas a matsayin kafinta, takardun filaye, wasiƙu, da rubutun farko na Laura game da rayuwarta, wanda ba a buga ba sai a 2014. Tunanin tsoho yana ba da ɗanɗanon rayuwa, takarda tana ba da rana da wuri. Mai rubuta tarihin gida yana bukatar duka biyun, kuma yana bukatar ya tambayi abin da aka yi shiru a kansa.

Ma'anar kalmomi

Eka: ma'aunin fili, eka biyu da rabi sun yi kusan hekta ɗaya.
Takardar mallaka: shaidar hukuma cewa fili na mutum ne.
Ingirici: busasshiyar ciyawar da ake tanada don dabbobi.
Hunturu: lokacin tsananin sanyi.
Zuriya: 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunnen mutum.

Tambayoyi

1. Ku jera wuraren da Charles ya zauna tun daga haihuwarsa har rasuwarsa.
2. Waɗanne sharuɗɗa mutum zai cika kafin a ba shi takardar mallaka a dokar 1862?
3. Me ya sa mutane da yawa suka kasa riƙe filin da aka ba su?
4. Me ya sami mutanen Osage da na Dakota? Wa ya amfana, wa ya yi asara?
5. Wace rawa Caroline da 'ya'yanta mata suka taka wajen riƙe gidan?
6. Me ya sa bai kamata a dogara da littattafan Laura kaɗai ba?

Aikin gida

Ku sami dattijo ko dattijuwa mafi shekaru a danginku, ku gaishe su yadda ya kamata, ku roƙi su ba ku lokaci. Ku tambaya: Daga ina kakanninmu suka taso? Me ya tashe su? Wa suka tarar a wurin da suka sauka, kuma ta yaya suka sami gona ko gida? Wace shekara ce ta fi tsanani, kuma da me aka rayu? Ku tambayi sunayen mata kamar yadda kuka tambayi na maza, har da yaran da suka rasu suna ƙanana. Idan akwai wata tsohuwar takarda a gida, ta gona ko ta haraji ko wasiƙa, da boko ko da ajami, ku duba ko ta dace da abin da aka faɗa muku. Ku rubuta shafi ɗaya, ku sa sunan wanda ya ba ku labarin da ranar da kuka ji shi, ku zo da shi aji mako mai zuwa.